Ƙyallen da Na Yanka Kafin Rabon Gado

Shekaranjiya farantin tangaran ya suɓuce wa jikata a bakin famfo, ya tarwatse a kan siminti. Ta tsaya tana raba ido tana jiran faɗa, don ta san halina, ba na raga wa maɓarnaci. Amma ko da na sunkuya, sai na tsinci kaina ina tsince gutsattsarin ina ware su, masu shuɗin fure gefe guda, farare zalla gefe guda. Yarinyar ta ce, "Hajiya, me za ki yi da su?" Hannuna ne kawai ya tuna wani aiki da ya koya kusan shekara hamsin da suka wuce, a tsakar gidan kawuna a Unguwar Kanawa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati, kullum da kakinsa da kekensa, yana kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan. A wurin aiki ban jin akwai wanda ya san yana da wata baiwa. Mu 'yan gida kuwa mun sani, don aljihunsa bai taɓa dawowa wayam ba. Sai ka ga ya zazzage a kan tabarma: jan zaren ɗaure fayil, tsohuwar ambulan mai ruwan ƙasa, takardar kabon da ta gama aiki, marfin kwalba, fasasshen madubin mota da ya tsinta a tashar Kawo. Matarsa takan ce ita dai ta gaji da ɗinke aljihu.

Da waɗannan tarkacen yake yin hotuna a kan katakon akwatin ganyen shayi, wanda yake roƙa a kantuna. Babu wanda ya koya masa. Ya ce tun yana yaro, duk sa'ad da aka je da shi Zariya yakan tsaya yana kallon adon da magina ke yi a fuskar zaure har a bar shi a baya, kuma a makarantar allo zayyana ta fi ɗaukar hankalinsa a kan hadda, ya sha bulala a kan haka. Fenti bai taɓa saye ba. Jansa jar ƙasa ce daga ramin da masu gyaran hanya suka haƙa, farinsa farar ƙasa da ɓawon ƙwai, baƙinsa kunkunniyar gindin tukunya. Yana da shuni, yana da lalle, yana da ruwan goro, yana da yashin bakin kogi da yake tankaɗewa da rariyar da matarsa ta daina amfani da ita. Duk da jiƙaƙƙen ƙaro yake kwaɓa su, ya shafa da gashin kaza ko da babban yatsansa. Bayan katakon kuma yakan shafe shi da ruwan ɓawon maɗaci saboda gara.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne nawarsa. Wallahi Kawu yakan cinye mako guda bai manna komai ba. Zai jera kayan a kan katakon a bushe, ya duba su da safe kafin ya fita, ya sake duba su bayan la'asar, wai hasken safe da na yamma ba abu ɗaya suke nunawa ba. Ya matsar da marfin kwalba kaɗan, gobe ya mayar da shi inda yake. In na ce, "Kawu, ka manna mana," sai ya ce, "Ba su saba da juna ba tukuna." Sabon abu ba ya shiga aikinsa, sai wanda hannu ya taɓa har ya tsufa. Kuma ba ya yin siffar mai rai, ko ta ƙadangare. Ya taɓa tambayar limamin unguwa tun yana saurayi, aka ba shi amsa, ya riƙe ta har ya koma ga Allah. Saboda haka hotunansa duk ƙofofi ne, da katangu, da itatuwa, da hadari in ya haɗo ta gabas.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli aikin ba, ita ce Kaka, mahaifiyarsu. Kawu ɗan farinta ne, kuma ita mutumiyar da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko da kuwa yana tsaye a gabanta. Sai ta dubi bango ko ta dube ni ta ce, "A gaya wa wancan ruwan randa ya ƙare." Aikin nasa kuwa tarkace take kiransa. Takan ce namiji da gemunsa yana tsince-tsince a bola, Allah ya kyauta.

Mu a Malali muke, a gidan gwamnati, Baba yana akawu. Ina da shekara tara, cikin damina, zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyata. Kwana shida ta yi. Ba zan ja maganar ba, har yau ba na iya jan ta. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo ta zauna da mu, aka kulle kayan mamaciya a akwatinta na ƙarfe har sai an yi arba'in a raba gado.

Ba a yi sati uku ba na lura da wani abu da ya fi mutuwar kanta firgita ni. In na rufe ido ina neman fuskarta, sai ta ƙi zuwa. Ina ganin hannunta, ina ganin ɗaurin kallabinta ta baya, ina jin yadda take kiran sunana da jan ƙarshensa, amma fuskar sai ta narke. Kuma ba mu da hotonta. Kada ku ce gidan ma'aikaci a Kaduna ya rasa hoto, muna da su cike da gwangwanin biskit. Ita ce ba ta yarda. Guda ɗaya tak aka ɗauke ta ranar sunan ƙanena, shi ma ta ja gyale ta rufe fuska, hannunta kawai ya fito da awarwaro biyu. Na kalli hoton nan har gefensa ya yi laushi.

Ran nan aka aike ni Unguwar Kanawa da tuwon Kaka. Na sami Kawu tsugune gaban katako, na tsuguna kusa da shi, na ce, "Kawu, ka yi mini fuskar Inna. Ta fara ɓace mini." Bai ɗago ba. Ya daɗe yana juya wani tsinke a hannunsa. Can ya ce, "Fuska ba aikina ba ce, 'yata, kin sani. Amma je ki kawo mini abin da hannunta ya taɓa, irin wanda aka yar, wanda ba mai nema. Zan yi miki abin da na iya."

Ni a raina na ɗauka lallashi ne irin na manya, in ya fara zai tausaya mini ya sa ta. Na shiga tara kaya kamar mai haɗa lefe. Na ɗebo toka daga murhunta, wanda Gwaggo ba ta amfani da shi don ita da risho take girki. Na kankaro baƙin gindin tukunyar miyarta. Na tsinto guntun awarwaron gilashi a bayan randa, da karyayyen tsinken tsintsiya, da ɓallin kwanon sha mai jan baki, da sauran kwallin da ya maƙale a wani tandu da ya tsage. Duk Asabar ina kai masa a ƙulle a gefen zanina. Ya karɓa da hannu biyu, ya shimfiɗa jar ƙasa a katakon, ya fitar da bango, ya fitar da ƙofa. A mako na biyu na gane ta, ƙofar kicin ɗinmu ce ta bayan gida, har da tsagewar da ke saman dokinta.

Sai dai duk abin da na kai, toka ne da baƙi da fasassun abubuwa, raina bai kwanta ba. Mahaifiyata ba toka ba ce. Tana da wani zani na atamfa, kore mai ɗigon ruwan goro, wanda take ɗaurawa a kan na jikinta in za ta yi girki, in ta gama ta rataye shi a ƙofar kicin. Na san yana cikin akwatin, na kuma san Gwaggo tana ajiye makullin a ƙarƙashin matashinta. Wata rana da hantsi ta tafi kasuwa, na buɗe, na sa reza na yanko kamar faɗin tafin hannuna daga tsakiyar zanin. Da ma daga gefe na yanka! Amma ni ɗigon da ya fi kyau nake so. Na naɗe shi yadda na same shi, na mayar da makulli.

Da na miƙa wa Kawu, nan take ya gane shi. Ya ce, "Ina kika samo wannan?" Na ce ragowar da tela ya dawo da ita ce, a ƙasan gado na tsinta. Ƙarya ta zo mini a baki ba tare da na neme ta ba. Wannan karon ko kwana biyu bai jira ba. Ya kafa ɗan tsinke a gefen ƙofar a matsayin ƙusa, ya tattare ƙyallen, ya manne shi da ƙaro mai kauri a kan jar ƙasar, ya danne da dutsen guga har ya kama.

Ranar rabon gado aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu. Malam ya zo da wasu dattawa biyu, Baba yana gefe, Kawu yana wakiltar Kaka. Ana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, ana warwarewa kowa ya gani. Aka ɗaga koren zanin, sai ga rana tana leƙowa ta tsakiyarsa. Gwaggo ta dafe ƙirji ta fara rantsuwa, tana cewa makulli bai taɓa barin ɗakinta ba, ita yanzu da wane ido za ta kalli dangin mamaciya. Ganin za ta yi kuka ne ya sa na fito daga bayan ƙofa na ce ni ce. Baba bai doke ni ba. Sunkuyar da kai ya yi, kuma da ya doke ni da ya fi mini sauƙi.

Malam ya kira ni ya zaunar da ni a gabansa. Ya ce kayan mamaci, daga ranar da ya cika har ranar da aka raba, ba na kowa ba ne shi kaɗai, ko allura ce ba a taɓawa. Ya ce ni yarinya ce, ba a rubuta mini zunubi ba, amma hakki yana nan, sai wanda zanin ya faɗa wa ya yafe. Da aka gama rabo, zanin ya faɗa cikin kason Kaka.

Washegari na tafi Unguwar Kanawa, na iske katakon an juya fuskarsa ga bango. Kawu bai yi mini faɗa a kan ƙaryar ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Kin sa na manna abin da ba namu ba." Ya ce ranar Lahadi zai ɗumama ruwa ya jiƙa ƙyallen ya ɓanɓare shi, a mayar wa mai shi. Na riga na san aikin sosai a lokacin, na san abin da ruwan ɗumi zai yi wa jar ƙasa da toka da aka kwaɓa da ƙaro. Ba ƙyallen kaɗai zai tashi ba, ƙofar gaba ɗaya za ta zama caɓi. Tokar kuma ɗan kaɗan ce ta rage masa, ba wata, don Gwaggo ta share murhun tas. Na ce, "To ka roƙe ta mana, ba mahaifiyarka ba ce?" Ya ce, "Ni da ita ba ma irin wannan maganar. Ke kika yanka, ke za ki roƙa."

Na shiga ɗakin Kaka. Da can ni da ita wasa muke, tana ce mini mummuna mai ƙaton kai, ina ce mata tsohuwa mai cin goro da dasashi. Tun rasuwar nan wasan ya mutu. Na same ta zaune a kan buzu, zanin yana kan cinyarta, ta zura yatsu ta cikin hujin. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce, "Zanin 'yata kika yanka saboda tarkacen wancan?" Na ce eh. Sai ta ja carbinta. Na koma ranar Juma'a, na koma ranar Asabar, ko kallona ba ta yi ba. Na ji haushinta ƙwarai, ba zan ɓoye ba, har na ce a raina tsohuwar nan ba ta da imani. Ban san cewa ita ma abin da ya rage mata ke nan ba.

Ranar Lahadi da safe an kwana ana ruwa, tsakar gida duk danshi. Kawu ya ɗora ruwa a gwangwani, ya kawo tsumma, ya zauna gaban katakon. Ni ina rakuɓe jikin turmi, na ƙi kuka don taurin kai. Sai muka ji ƙarar sandar Kaka. Ta fito a hankali, zanin a kafaɗarta, ta tsaya a kanmu. Ta dube ni ta ce, "A juyo mini abin in ga inda aka kai hakkina."

Na juyo shi. Ta sunkuya, ta matso da fuskarta dab da katakon saboda idonta ya yi rauni. Ta bi bangon da kallo, ta bi tsagewar dokin ƙofa, ta tsaya a kan ƙyallen. Ruwan da ke gwangwani har ya fara tafasa ba wanda ya sauke. Can ta yi tsaki ta ce, "Wannan ai ba ratayarta ba ce. Yaushe ta taɓa tattare zani haka tsaf? Sakinsa take yi yana jan ƙasa, tun tana budurwa nake yi mata faɗa a kai."

Ta sauke zanin daga kafaɗa, ta kama bakin hujin da sauran haƙoranta, ta ja. Ƙarar yagewar atamfar nan har yau tana kunnena. Ta fitar da dogon ƙyalle, na miƙa hannu don na saba ta hannuna saƙo ke bi. Sai ta tsallake ni. Ta sa shi a tafin Kawu, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Kai ka yi goyonta. Yi shi daidai." Tunda nake ban taɓa jin ta ce masa kai ba sai ranar. Kawu, mutum mai 'ya'ya huɗu, ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Ita kuwa ta juya ta koma ɗaki, tana faɗa wa bango cewa a sauke ruwan nan kada a ƙona itace a banza.

Sai da ya ƙara wata guda a kan aikin, har damina ta fara ja da baya. Ya ɗora dogon ƙyallen a kan na farkon, ya sake shi har ƙasa, ya shafa wa bakinsa jar ƙasa kaɗan yadda zanin da ke jan ƙasa yake yi. Guntun awarwaron ya binne shi rabi a bakin ƙofa. Cikin kicin ɗin ya cika shi da baƙin tukunya haɗe da kwallinta, shafi a kan shafi, kowanne sai ya bushe kafin wani, har duhun ya yi zurfi. Da ragowar tokar ya ja wani siririn hayaƙi yana fita ta saman ƙofa. Ni dai ina ta jira, kullum ina cewa yau zai sa ta a tsaye a bakin ƙofar.

Ranar da ya ce ya gama, na duba sama da ƙasa, na fashe da kukan da na daɗe ina riƙewa. Na ce, "Ba ka sa ta ba! Ina take?" Ya ce, "Tana ciki. Ba ki ga hayaƙi ba?" Ban gamsu ba, na ci gaba da kukana, ina ganin an cuce ni. Kukan ne ya fito da Kaka. Ta zo za ta yi mini faɗa, sai idonta ya faɗa kan katakon da aka jingine a inuwa. Ta tsaya cak. Ta gyara mayafinta, ta ce a hankali, "Salamu alaikum." Sannan ta yi shiru, ta ɗan karkata kunne. Mu duka muka yi shiru tare da ita, har da matar Kawu da ke tankaɗe. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba.

Fuskar ba ta dawo mini ba, gara in faɗa muku gaskiya. Yanzu na ninka shekarun da mahaifiyata ta yi a duniya, kuma in aka jera mini mata goma ba zan iya cewa ga mai kama da ita ba. Kaka ta rasu, Kawu ya bi ta bayan ya yi ritaya. Gidan Unguwar Kanawa an rushe gabansa an yi shaguna, hotunansa da yawa gara ta ci, wasu magada suka zubar don ba su ga abin rabawa a ciki ba. Yaran yanzu kuwa kowa da ɗaruruwan fuskoki a waya, jikokina har tuwon da za su ci sai sun ɗauke shi hoto. Bara babban ɗana ya zo mini da wata magana, wai akwai masu haɗa hotona da na Kaka a kwamfuta su fitar da fuskar da za ta yi kama da tata. Na ce ya rufa mini asiri, kada a kawo mini baƙuwa a ce uwata ce.

Katakon yana ɗakina, a bangon da ke kallon ƙofa. Koren atamfar ya koɗe, ɗigon ruwan goron sai wanda ya san yana nan zai gan shi. In na dawo daga unguwa nakan yi sallama a bakin ɗakin ko da na san ba kowa, in ɗan dakata kafin in shiga. Na san ba za a amsa ba. Amma mai girki ba ta amsawa nan take, sai ta sauke abin da ke hannunta, shi ya sa nake ba ta ɗan lokaci.